Ƙusa Huɗu a Jikin Kankare

Ranar Juma'a ce, masallata ba su gama watsewa ba, aka tarar da ɗakin famfon unguwarmu a wangale, kwaɗo a karye, inbata kuwa babu ita. Shekarar da aka kayar da turakun lantarki ce, lokacin da Maiduguri ta yi wata da watanni ba ta ga wuta ba. Rijiyar burtsatsen nan mai aiki da sola ita kaɗai ke shayar da layi bakwai a ɓangarenmu na Bolori. Inbatar kuwa, wato akwatin ƙarfen da ke karɓar wutar rana ya miƙa wa famfo, in babu ita ko ɗigo ba zai hau tanki ba. Ga shi ana tsakiyar bazara.

Ni ne Ishmael mai walda. Shekarata talatin da ɗaya a Bolori, kuma ni na kafa akwatin nan da hannuna a jikin ginshiƙin kankare, da ƙusar anka guda huɗu. Shi ya sa da na iso na ji ana cewa wai an sa ƙarfe an ɓamɓare shi, sai da jini ya hau mini kai. Ƙusata a ɓamɓare? Haba! Amma ba wanda ya saurare ni, domin an riga an sami abin kallo. A ƙasa, gindin ginshiƙin, ga dagi a yashe, da jan ƙyalle ɗaure a wuyansa. Duk unguwa an san dagin Ya Gumsu ne, domin babu gidan da bai taɓa aronsa ba.

Ya Gumsu tsohuwa ce mai sayar da ƙosai, ɗanta ɗaya, Madu. Shekara bakwai da suka wuce jami'an tsaro suka zo, aka tara mazan unguwa a fili aka jera su, aka kawo wani da fuska a rufe cikin mota yana nuna mutane. Ya nuna Madu. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai kwana tara kafin wannan Juma'a, da aka sako shi da takardar cewa ba a same shi da komai ba. Ya dawo a rame, haƙoransa na gaba babu, ba ya iya shiga taro, ko Juma'a a ɗaki yake sallarsa. Wuni yake yi zaune a inuwar tanki yana kallon ruwa.

"Tun da ya dawo na ce a sa ido," in ji Mikail, shugaban 'yan sintirin unguwa, gora a kafaɗa. "Irin waɗannan ba sa dawowa da hankali ɗaya. Na riga na kira, motar jami'ai za ta biyo ƙarfe shida."

Kowa ya san ma'anar wannan. Mutum mai irin takardar Madu, in ya sake shiga wannan mota, uwarsa ta gama ganinsa. Bulama Babagana, mai unguwarmu, ya sa aka zaunar da Madu a zaurensa don kada matasa su taɓa shi. Ya share zufa, ya dubi agogo, ƙarfe uku saura kwata, sannan ya ce a kira masa Ba Ajimi.

*

Ba Ajimi tsoho ne daga wani ƙauye bayan Dikwa, rikici ya koro shi gari. Da can, in aka kore wa makiyaya shanu, shi ake nema, ya bi sawu kwana uku har ya tsaya a bakin garken ɓarawo. A Bolori kuwa igiya yake tufkawa a gindin dalbejiya. Ni dai gaskiya ban ga abin da zai yi mana ba. Mutum ɗari sun tattake wurin, ɗakin kuma daɓen siminti ne, wane sawu zai gani?

Ya kore kowa, ya ce ni in tsaya. Hausarsa da nauyin Kanuri, a hankali yake fitar da ita.

"Mai walda, ni ban san wannan ƙusa taka ba. Koya mini kamar ban san komai ba."

To, nan ya taɓo inda nake so. Na ciro ɗaya daga aljihu na ɗora masa a tafin hannu. Na nuna masa sandar, da noti a kanta, da rigar ƙarfe mai tsage-tsage da ke lulluɓe da ita, da gindin da ya yi faɗi. Na ce ana huda rami daidai kaurinta, ba a ƙara ko gashi ɗaya, a hure ƙurar ciki tas, a buga ta, sannan a ɗaure noti da sifana. Kana ɗaurewa gindin yana shigowa cikin rigar, rigar tana buɗewa tana cizon kankare ta ko'ina. Ka ja ta, ƙara cizo take yi. Na ce shi ya sa ma na ƙi kafa akwatin a jikin bulo, don bulon yanzu fanko ne, rabi yashi rabi addu'a. Da na gama kuma na bi kowane noti na ɗiga masa walda, yadda ba sifanar da za ta kwance shi.

"In ƙato ya sa dagi ya danna da ƙarfinsa fa?"

"Sai dai kankaren ya biyo ta, guntu kamar ƙwaryar shan fura. Ba ta fita ita kaɗai, Ba Ajimi. Ko giwa aka ɗaura mata."

Ya juya ya dubi ginshiƙin. Ramuka biyu na sama suna nan a buɗe, an ɗan farfasa bakinsu, amma babu wani guntu da ya fita. Ya shafa wurin da ɗan yatsa, ya ce wannan duka ne aka yi daga waje zuwa ciki, ba fizga ba. Ya ce in ba shi waya. Ya zura ta a ramin, ba ta yi nisan gaɓar yatsa biyu ba muka ji ƙyas, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Na kusa rungume tsohon nan. Ƙusoshina suna ciki! Ni ɗabi'ata ce in huda rami ya zarce tsawon ƙusa, don ƙurar da ta rage ta sami wurin kwanciya. Wani ya yanke notin da zarto, ya cire akwatin, sannan ya sa guntun rodi ya tura sandar can ciki don a ce an tumɓuke ta. Dagin nan ba abin da ya yi sai zaman shaidar zur.

"Wa ya san kana zurfafa rami?"

Nan na sosa ƙeya. Ranar da na kafa akwatin rabin unguwa na tsaye, ni kuma, Allah na gani, ina da surutu in ina aikin da na iya. Ba wanda ban yi wa bayani ba.

Ba Ajimi ya durƙusa, ya kwantar da kai yana duban ramukan ƙasa, waɗanda cikin akwatin yake rufewa sai mutum ya sunkuya sosai. Su ba a buɗe suke ba. Bakin kowanne a liƙe yake da busasshiyar laka, sumul. Ya daɗe yana kallon lakar. Daga ƙofa sai muka ji muryar Mikail, ashe ya dawo yana leƙe.

"Af! Ga ta nan. Ashe ƙusa biyu ka sa mana, Baba Ishmael, ka toshe sauran da laka. Kuma kai ma ai ba ka zuwa Juma'a."

Na miƙe da sifana a hannu, wallahi ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa unguwar nan ƙofofi, har da na masallacin, yau yaron da aka haifa a gabana yake tuna mini ni Kirista ne, ba na zuwa Juma'a. Ba Ajimi ya riƙe mini hannu. Ya miƙa wa Mikail ɗaya hannun suka gaisa da Kanuri, wushe wushe, ya riƙe shi ya ɗan jima kamar mai son zumunci, sannan ya ce a jawo ƙofa, kada kowa ya taɓa ginshiƙin.

*

Makullin ɗakin famfo zagayawa yake mako-mako tsakanin mu uku, ni da Mikail da Inuwa. Mai makulli shi ke kunna famfo da safe ya zauna a ciki har tanki ya cika. Wannan makon na Inuwa ne, don haka wurinsa muka fara zuwa.

Inuwa yana da tasa rijiyar mai janareta, da kurar ruwa goma sha biyu da ke zagaya gari. Tun da aka kawo sola kasuwarsa ta mutu a layukanmu, Bulama kuma ya sa shi cikin masu makulli ne don ya daina gunaguni. Ni a raina na riga na yanke masa hukunci. Muka same shi yana jera jarkoki, mata sun fara layi a ƙofarsa, fuskarsa kamar ranar salla.

"Kasuwa ta buɗe, Inuwa," na ce.

"Ni na buɗe ta? Ku je ku tambayi liman, a sahun gaba nake, har ya taka mini ƙafa."

Ba Ajimi ya ce ya nuna masa makulli. Inuwa ya ciro shi daga wuya. Ya ce ya nuna masa hannuwansa, gaba da baya. Inuwa ya miƙa yana tsaki. Hannu ne mai taushi, na mutumin da wasu ke yi wa aiki. Ba Ajimi ya yi masa godiya muka fita.

"Shi ne," na ce da muka sha kwana. "Dubi yadda yake murna."

"Murna ba sawu ba ce," in ji shi. Ya tsaya ya juyo. "Kai ma nuna mini naka."

Na nuna masa, raina a ɓace. Ƙunar walda ce ko'ina, tsohuwa da sabuwa. Ya juya su sama da ƙasa, ya tambaye ni yaushe rabona da ganin notin ƙasa da idona. Na buɗe baki zan ce makon jiya, sai na tuna. Gwiwata ta hana ni durƙuso tun sanyin bana. Makon jiya na zauna a ɗakin famfon kwana bakwai ban sunkuya ko sau ɗaya ba. Na gaya masa gaskiya, kunya kamar ƙasa ta tsage.

*

Ya Gumsu tana zaune a ƙofar zauren Bulama, ba ta kuka, tasar ƙosanta a gefe ƙudaje suna bi. Ba Ajimi ya tsuguna suka yi Kanuri mai tsawo, sannan ya koma Hausa don ni ma in ji.

"Dagin a ina yake kwana?"

"Bayan ƙyaure. Ƙofata ba ta rufuwa, wanda ya so ya ɗauka ya dawo da shi."

"Yaushe kika ji za a sako Madu?"

Ta ƙirga da yatsu. "Gobe kwana ashirin. Saƙo ya zo wa Bulama, ya aiko a gaya mini in shirya. An ce kada in yayata sai ya iso, ban gaya wa ko maƙwabciyata ba."

"Wa aka aiko?"

"Mikail. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa, ko ruwa bai sha ba. Na yi ta sa masa albarka."

A cikin zaure Madu yana rakuɓe a kusurwa, gwiwoyi a ƙirji, ya cire takalmansa ya jera su a gefe kamar wanda ya saba da jira. Ba Ajimi ya tambaye shi inda yake lokacin huɗuba. Ya ce yana ɗaki. Wa ya gan shi? Babu. Ya ji wani abu? Ya ce ya ji bugun ƙarfe daga wajen tanki, amma ya koyi kada ya leƙa abin da ba a kira shi ba.

"Kana zargin wani?"

Madu ya ɗago ido ya dubi ƙofa, inda inuwar masu gora take kai da kawowa, ya mayar da kai ƙasa.

"Ni ba na nuna kowa, Baba."

Da muka fito ƙarfe biyar ta wuce. Matasa sun cika layin, wasu na cewa a ba su shi su tambaye shi da kansu. Wata mata da na yi wa gadon ƙarfe bara ta gan ni ta kau da kai. Na ji ana raɗa cewa wataƙila mu biyu ne, ni na yanke, Madu ya ɗauka. A unguwar da muka kwana a ɗaki ɗaya lokacin da harsashi ke ratsa kwanon rufi, yau kowa na kallon hannun kowa.

Ba Ajimi ya ce wa Bulama a taru a ɗakin famfo, a zo da Madu.

*

Ɗakin ƙarami ne. Bulama ya tsaya a tsakiya, ni da Inuwa a gefe ɗaya, Mikail a bakin ƙofa da gorarsa, Madu da uwarsa a jikin bango. Sauran jama'a suka yi cincirindo a waje har kan katanga. Ba Ajimi ya fara da ramukan sama. Ya sa ni na zura waya kowa ya ji ƙarar ƙarfe, ya ce ƙusa tana ciki, zarto aka sa, dagi kawo shi aka yi aka ajiye.

"To Madu ba ya iya riƙe zarto ne?" in ji Mikail. "Lokaci na tafiya, Bulama."

"Yana iyawa," in ji Ba Ajimi. "Mai walda, yankan noti na sama, minti nawa?"

Na ce kowanne bai fi minti goma ba, don hannu yana sakewa. Na ƙasa kuwa suna maƙale ƙarƙashin akwatin, zarto ba ya samun wurin tafiya, sai dai a cire ruwan zarton a riƙe shi da yatsu ana goga kaɗan-kaɗan. Wannan aikin kwanaki ne, ba na tsawon huɗuba ba.

"In akwai su ke nan," in ji Mikail. "Laka ce a wurin."

"Laka ce," in ji Ba Ajimi. "Amma ba mutum ya shafa ta ba."

Ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan igiya, ya durƙusa, ya ɓanɓare murfin ramin hagu a hankali. Ya karkato da abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya miƙa wa Bulama. Busassun ƙafafun gizo-gizo ne, da wani ɗan abu mai ruwan ƙasa, dogo kamar ƙwayar dabino. Ya sake zura waya a ramin, muka ji ƙyas. Na dubi Mikail, na so a ce duk Bolori ta ji wannan ƙara.

"Zanzaro ne," in ji Ba Ajimi. "Yana ɗibar laka a inda ruwan famfonku ke zuba. In ya sami rami a buɗe sai ya cika shi da gizo-gizo, ya yi ƙwai, ya liƙe bakin. Ƙwan ya fashe, tsutsa ta ci guzurinta har ya ƙare, sannan ta naɗe kanta ta kwanta. Ga ta nan, ta cinye, ta naɗe, har fatar ta yi duhu. Na fasa irin wannan sau ɗari a jikin bukkoki in ina son sanin yaushe mutane suka tashi daga wuri. Wannan ba aikin kwana tara ba ne. Ramin nan ya yi mako biyu a buɗe, ya doshi uku."

Bulama ya dubi Madu, ya dubi abin da ke tafin hannunsa.

"Lokacin yaron nan yana tsare," ya ce a hankali.

"Yana tsare. Kwaɗo kuma yau aka karya shi, don haka wanda ya yanke na ƙasa da makulli ya shiga, ya zauna, ƙarar ruwa na rufe masa. Makon wa ke nan?"

Inuwa bai jira an gama ba. "Wannan nawa, na jiya na Baba Ishmael, wancan na Mikail! Ni ba ruwana, jama'a ku shaida!"

"Lissafin tsutsa za a kama mutum da shi?" Mikail ya yi dariya, amma dariyar ba ta fito daidai ba. "Inuwa ma ya riƙe makulli kafin ni."

"Haka ne," in ji Ba Ajimi. "Shi ya sa na duba hannun kowa. Wanda ya goga ruwan zarto a ƙarƙashin akwatin nan, dole kankare ya ci masa bayan yatsu. Ɗana, da muka gaisa ɗazu na ji ɓawon tsohon ciwo, na kuma ji sabo a kansa. Buɗe hannunka Bulama ya gani."

Mikail bai buɗe ba. Ya ƙara damƙe gorar, kuma a haka ma kowa ya gani, gaɓoɓin yatsunsa huɗu a saɓule.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai," in ji Ba Ajimi. "Ɓarawo mai son kaya ba ya wahalar ɗauko dagin tsohuwa. Sai da Ya Gumsu ta ce mini kwana ashirin da zuwan saƙo, kuma mutum uku kaɗai suka sani. Ba akwatin kake so ba. Tun kafin yaron nan ya taka Bolori kake shirya masa hanyar komawa. Me ya yi maka?"

Mikail ya jingina da ƙyaure. Wanda ya amsa, Madu ne, daga jikin bango, da muryarsa da ba ta da ƙarfi.

"Ba abin da na yi masa. Shi ne a cikin motar."

Ya Gumsu ta dafe ƙirji.

"An rufe masa fuska, amma ba a rufe hannunsa ba. Tare muka yi makarantar allo, na san ɗan yatsan da ya karye a ƙwallo. Da shi ya nuna ni."

Mikail ya sulale ya zauna a ƙasa, gorar ta faɗi. Ya ce an kama shi ne kwana biyu kafin ranar, aka ce sai ya nuna mutum biyar ko shi ya tafi. Ya nuna huɗu da ya sani, na biyar ya rasa, idonsa ya faɗa kan Madu. Ya ce shekara bakwai yana sayen ƙosan Ya Gumsu kullum don ya ga ko ta sani. Da saƙo ya zo, ya kasa barci. Madu ya dawo kuma yana gaishe shi kowace safiya, gaisuwar nan ta fi masa duka ciwo. Ya ce akwatin yana ƙarƙashin buhunan yashi a shingen 'yan sintiri da ke bakin layi, ko ƙwarzane bai yi ba.

Ni dai ban ji tausayinsa ba, kada in yi ƙarya. Waje ya ɗauki ihu, waɗanda ɗazu suke neman a ba su Madu yanzu Mikail suke nema, murya ɗaya, ko kunya babu. Ana cikin haka muka ji ƙugin mota a bakin layi.

Na ga Madu ya manne da bango da jin motar. Duk da haka ya saki bango, ya ratsa mu, ya tsaya a gaban Bulama.

"Bulama, ka ce musu an ga kayan."

"Madu, mutumin nan sau biyu yana..."

"Na san inda za su kai shi. Ku ba ku sani ba, ni na sani. Ka ce musu an ga kayan."

Bulama ya dubi Ya Gumsu. Tsohuwar ta daɗe tana kallon Mikail, irin kallon da ban so a taɓa yi mini shi ba, sannan ta ce a yi yadda ɗanta ya ce. Bulama ya gyara hula ya fita. Muna jin sa daga nesa yana ba da haƙuri, yana cewa kuskure ne, kaya sun fito. Motar ta juya. Kafin mako ya zagayo Mikail ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Ajilari, ba wanda ya raka shi.

*

Washegari da sassafe na zo da injin huda da janareta ƙarami da sababbin ƙusoshi huɗu. Mata sun riga sun jera bokitai har bakin titi. Wadda ta kau da kai jiya ita ta fara gaishe ni, na amsa mata da ƙyar. Ba Ajimi yana gindin dalbejiyarsa yana tufka, kamar ba shi ba.

Tsofaffin ramuka ba sa sake karɓar ƙusa, dole a huda sababbi a gefe. Madu ne ya riƙe mini akwatin ina sa alama, hannunsa ba ƙarfi amma bai saki ba. Na huda, na ba shi ɗan bututu ya hure ƙurar, na nuna masa yadda ake jin ƙusa ta kama tun daga sifana. Wannan karon har na ƙasan na durƙusa na duba, gwiwa tana ƙara ina zaginta.

Na kwaɓa ɗan siminti don in toshe tsofaffin ramukan, aikina ba ya tafiya da rami a buɗe. Na cika na sama biyu, na cika na hagu da Ba Ajimi ya fasa. Na ɗebo na ƙarshe zan shafa a kan na dama, wanda lakarsa ke nan ba a taɓa ba, sai Madu ya riƙe mini wuyan hannu.

"Baba Ishmael, bar wannan."

"Don me? Laka ce kawai."

"Akwai wani a ciki," ya ce. "Bai fito ba tukuna."

Na dube shi, na dubi simintin da ke hannuna. Na goge shi a bakin bokiti, na tashi na kunna famfo.